Ko ya kamata Najeriya ta halatta tabar wiwi?

"Likita, ni malamin makarantar sakandare ne a Zariya. Kwanakin nan ɗalibaina 'yan aji shida sun tasa ni gaba da musu: sun ce Kanada da Jamus sun halatta tabar wiwi, Ghana ta ba da izinin noma ta, har ma wani gwamna a ƙasar nan ya taɓa neman a yi haka. Cewa suke magani ce, kuma da tana da illar da ake faɗa, da Turawa ba su sake ta ba. Na san addini ya hana, su ma sun sani, amma wannan bai rufe musu baki ba. Kai da kake duba masu taɓin hankali, mece ce gaskiyar lamarin? Ya kamata Najeriya ta halatta ta?"

Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya saka da alheri da ba ka kori yaran da tsawa ba. In na fahimce ka, abu biyu kake so ka sani: ko wiwi tana da illar da ake faɗa, sannan in tana da ita, ko dokar da ke hukunta mai shan ta ita ce mafita. Bari in faɗa maka matsayina tun yanzu don kada in ja ka da nisa. Ba na goyon bayan a buɗe kasuwar wiwi a Najeriya. Haka kuma ba na goyon bayan abin da muke yi a yau, inda yaron da aka kama da ƙulli ɗaya a aljihu yake ƙarewa a gidan yari. Jama'a da dama suna ganin dole mutum ya ɗauki ɗaya daga cikin biyun nan, shi ya sa muhawarar take ta zagaye wuri guda.

Abin da ƙasashen suka yi

Ɗalibanka sun jero ƙasashe kamar abu ɗaya suka yi, alhali kowacce da inda ta tsaya. Kanada ce ta yi abin da suke nufi: daga 17 ga Oktoba 2018 baligi yana iya shiga shago mai lasisi ya sayi wiwi, gwamnati ta karɓi harajinta. Uruguwai ta riga ta, tun 2013, sai dai can hukuma ce ke riƙe da linzami. Sai mutum ya yi rajista, kuma abin da zai saya a wata bai wuce giram 40 ba. Jamus kuwa, daga 1 ga Afrilu 2024, ta yarda baligi ya riƙe giram 25 a waje, ya shuka tushe uku a gida, amma ba ta buɗe shagunan sayarwa ba. A Afirka ta Kudu kotun tsarin mulki ce a 2018 ta ce ba laifi ba ne baligi ya sha a cikin gidansa, saye da sayarwa kuma suna nan a haramce.

Batun Ghana shi ne aka fi juya wa yaranmu. Dokar da majalisarsu ta yi a 2020 ta ba da izinin noman irin wiwin da sinadarin buguwa a cikinta, wanda ake kira THC, bai wuce kashi 0.3 cikin ɗari ba. Irin wannan ko yini mutum ya yi yana zuƙa ba za ta bugar da shi ba. Don zare da mai da haɗa magani ake shuka ta. Kotun ƙolin ƙasar ma ta soke wannan sashe a 2022 saboda ba a bi ƙa'idar majalisa wajen saka shi ba, sai da aka sake zartar da shi a 2023. Saurayin da ke busa wiwi a Nima ko a Zangon Kumasi har yau doka yake karyawa. Maroko, wadda manomanta na tsaunukan Rif suka daɗe suna ciyar da kasuwar Turai ta bayan fage, ita ma a 2021 noman magani da masana'antu kaɗai ta halatta.

Gwamnan da suke nufi marigayi Rotimi Akeredolu ne na Jihar Ondo. A 2019 ya je Tailan ya ga yadda suke yi, ya dawo yana kira da a bar jiharsa ta noma wiwi don magani da fitarwa waje a ƙarƙashin sa idon hukuma. Bai nemi a bar matasa su sha ba. An kai ƙudirori makamantan wannan Majalisar Wakilai, ba su zama doka ba, shugaban NDLEA, hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi, Janar Buba Marwa kuma ya fito fili ya yi adawa da halattawar. Ita Tailan ɗin da aka je koyi da ita, ta cire wiwi daga jerin miyagun ƙwayoyi a Yuni 2022, shaguna suka cika titunan Bankok, sai ga shi a Yuni 2025 ta dawo ta ce ba mai saye sai da takardar likita. Wannan ka tabbata ka faɗa wa ɗalibanka, don da wuya in sun ji shi.

Inda masu neman halattawa suke da gaskiya

Ba zan ɓoye maka ba, hujjarsu mafi ƙarfi tarihin dokarmu ne. A 1966 gwamnatin soja ta Janar Aguiyi-Ironsi ta kafa dokar da ta tanadi kisa ko ɗaurin aƙalla shekara 21 ga mai noman wiwi, da aƙalla shekara 10 ga mai sha. An sassauta a 1975, aka sake tsanantawa a 1984, aka kafa NDLEA a 1989. A dokar hukumar, riƙe ƙwaya ko shan ta na iya jawo ɗaurin shekara 15 zuwa 25, ko da yake alƙalai sukan yanke ƙasa da haka. To, bayan fiye da shekara hamsin ana wannan, binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi, wanda aka fi sani da binciken 2018, ya nuna mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 sun yi ta'ammali da wata ƙwaya a shekarar da ta gabata, kuma miliyan 10.6 daga cikinsu wiwi suka sha. Ana noma ta a dazuzzukan Ondo da Edo da Osun da maƙwabtansu, ana ƙone gonaki kowace shekara, ana kama motoci a hanyar Lokoja, amma ba unguwar da za ka shiga a Kano ko Kaduna ka rasa inda ake sayar da ita. Yaron aji shida ya fi ni da kai sanin wurin.

Don haka wanda ya ce hani bai hana ba, bai yi ƙarya ba. Inda nake rabuwa da shi shi ne abin da ya ɗora a kai, wato tunda hani bai yi aiki ba sai a buɗe kasuwa.

Abin da take yi wa ƙwaƙwalwa

Nan ne fagena, kuma nan zan fi daɗewa. A cikin ganyen wiwi akwai sinadarai da yawa, amma biyu aka fi sani. THC shi ne mai bugarwa. CBD ba ya bugarwa, kuma akwai alamun yana ɗan rage kaifin na farkon. Ƙwaƙwalwar ɗan Adam tana da nata sinadaran masu kama da waɗannan, waɗanda ke taimakawa wajen daidaita barci, cin abinci, tunawa da yanayin rai, kuma suna da hannu a yadda ƙwaƙwalwar matashi ke kammala ginuwa. Wannan gini ba ya ƙarewa sai wajen shekara 25, musamman ɓangaren gaba mai kula da yanke shawara da kame kai. Yaron da ya fara sha yana ɗan shekara 15 yana zuba THC ne a kan aikin da ba a gama ba. Shi ya sa shekarun farawa suke da muhimmanci ƙwarai. A cikin masu sha gaba ɗaya, kusan ɗaya cikin goma ne take kamawa har ya kasa bari. A cikin waɗanda suka fara tun suna samari, kusan ɗaya cikin shida. Masu cewa wiwi ba ta kama mutum su zo su ga wanda ya yi shekaru yana sha kullum ya daina: barci ya ƙaurace masa, abinci ya fita ransa, abu kaɗan ya fusata shi, har mako biyu ko fiye.

Abin da ya fi damuna shi ne taɓin hankali irin wanda mutum ke jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, yana zargin 'yan gidansu da sa masa guba, ko yana ganin rediyo da shi take magana. Tun 1987 aka buga wani bincike daga Suwidin da ya bi samari sama da 45,000 da aka ɗauka aikin soja, tsawon shekara 15. Waɗanda suka sha wiwi fiye da sau 50 kafin a ɗauke su sun ninka waɗanda ba su taɓa sha ba kusan sau shida wajen kamuwa da sikizofiriniya, wato taɓin hankali mai daɗewa. A 2019 kuma Marta Di Forti da abokan aikinta suka fitar da binciken da suka yi a wurare 11 a Turai da Burazil: mai sha kullum ya ninka wanda bai taɓa sha ba kusan sau uku wajen haɗarin taɓuwa, in kuma mai ƙarfi yake sha kullum, wadda THC ɗinta ya kai kashi 10 cikin ɗari ko fiye, kusan sau biyar. Sun ƙiyasta cewa da babu mai ƙarfin a kasuwa, da an kauce wa kusan kashi 30 cikin ɗari na sababbin masu taɓuwa a Landan, da kusan rabi a Amsterdam.

Ka lura da maganar ƙarfi, domin ita ce dattawan da ke cewa "mu ma mun ga masu sha a zamaninmu ba su haukace ba" ba sa sakawa a lissafi. A Amurka, wiwin da hukuma ke kamawa tana da THC kusan kashi 4 cikin ɗari a 1995. Zuwa 2014 ta kai kusan 12. A nan ma kasuwa ta canja. Yaran da nake gani ba sa maganar ganye kawai, sai ka ji Arizona, Loud, Colorado. Wasu daga cikin abin da ake sayarwa da sunan Colorado ma ganye ne da aka fesa wa sinadaran da aka haɗa a ɗakin gwaji, masu ƙarfin da ya wuce na wiwi nesa ba kusa ba, kuma su ne ke kawo mana yara suna fizge-fizge ko a sanƙare.

Yadda abin ke zuwa asibiti kusan kullum iri ɗaya ne. Saurayi ne tsakanin shekara 18 da 25, uba da kawu sun riƙo shi, wani lokaci da igiya. Kafin a zo wurinmu an yi ruƙiyya, an sha rubutu, an kai shi wurin mai magani, watanni sun shige. Uwa ce yawanci ke iya faɗa maka lokacin da abin ya fara: ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, ya koma kwana da rana, ya bar wanka, yana dariya shi kaɗai. Da yawansu in aka raba su da wiwi aka ba su magani, cikin makonni hankalinsu yakan dawo, har su ji kunyar abin da suka yi. Wasu kuwa ba sa dawowa yadda suke. Ciwon ya zauna, sai magani na shekaru. Abin da ke ci mini rai shi ne tun ranar farko ba ni da hanyar da zan tabbatar wa uba a wane rukuni ɗansa zai faɗa. Wanda kuma ya warke ya koma majalisarsu ta da, sau da yawa ba a rufa shekara sai an dawo da shi, kuma kowace dawowa tana barin tabo.

Amma adalci ya sa in faɗa maka iyakar wannan shaida tawa. Likitan ƙwaƙwalwa waɗanda abin ya kayar kawai yake gani. Magini ko ɗan acaɓan da ke sha shekara ashirin yana aikinsa ba ya zuwa ɗakina. Mafi yawan masu shan wiwi ba za su taɓu ba, kuma in ka ce wa ɗalibanka duk mai sha sai ya haukace, za su nuna maka mutum biyar a unguwarsu da ba su haukace ba, daga nan ka rasa su. Na biyu, da wuya in ga yaron da wiwi kaɗai yake sha. Akwai taramol, akwai kodin, akwai roci, wani har da sholisho, don haka ɗora wa abu ɗaya laifin duka ba daidai ba ne. Na uku, masana suna ja-in-ja a kan ko wani ɓangare na alaƙar daga gado ne, wato wanda jininsa ke ɗauke da haɗarin ciwon shi ne kuma ya fi saurin jawuwa ga sha. Ni dai abin da ya gamsar da ni shi ne yadda haɗarin ke hawa daidai da yawan sha da ƙarfin abin da ake sha. Wanda a danginsu akwai mai taɓin hankali, ko kusa da ita kada ya je.

Maganar cewa magani ce

Akwai gaskiya a ciki, amma 'yar kaɗan ce idan aka gwada da yadda ake kururuta ta. Tun 1985 Amurka ta amince da wani magani mai THC don tsayar da amai ga masu shan maganin ciwon daji. A 2018 ta amince da Epidiolex, wanda CBD ne tsantsa, don wasu nau'o'in farfaɗiyar yara masu wuyar magani. Akwai kuma na fesawa a baki don sanƙarewar jijiyoyi a wata cutar laka. Ga ciwo mai daɗewa, amfanin da aka gani matsakaici ne. A Disamba 2020 hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da ƙwayoyi ta cire wiwi daga rukunin da ake ɗauka ba shi da wani amfanin magani, da ƙuri'a 27 a kan 25, Najeriya tana cikin masu adawa. Amma ta bar ta a cikin abubuwan da ake tsananta sa ido a kansu.

Duk waɗannan magunguna ne da aka auna, aka san adadin da ke cikin kowane cokali, likita ya rubuta wa mai cuta takamaimiya. Ba wanda aka ce ya naɗa a takarda ya kunna. Mofin da muke ba mai ciwon daji ko mai sikila daga tsiron da ake yin hiroyin ake samun sa, ba wanda ya ce don haka a sayar da hiroyin a kasuwa. In an kawo maganin farfaɗiyar nan Najeriya ta hannun NAFDAC, aka ajiye shi a manyan asibitoci, ni mai rubuta shi ne ga yaron da ya dace.

Me ya sa ba na so a buɗe kasuwa

Masu kira a halatta sukan ce ai za a tsara: a sa iyakar shekaru, a ƙayyade ƙarfi, a karɓi haraji, a kashe kasuwar bayan fage. A Kanada wani ɓangare na wannan ya tabbata. Kame ya ragu sosai, yawancin masu sha sun koma saye a shagon lasisi, kuma shan 'yan makaranta bai yi tashin da aka ji tsoro ba. Amma shan manya ya ƙaru, kuma bayan an fara sayar da alewa da cakulan masu wiwi, ƙananan yaran da ake kai wa asibiti sun ci bisa kuskure sun ƙaru ƙwarai. Lardin Kebek ya hana irin wannan alewa, ya kuma ɗaga shekarun saye zuwa 21. Kanada kuwa ƙasa ce da mai shago ke neman katin shaida kafin ya miƙa kaya, in ya saɓa a rufe shagon.

Mu kuwa mun riga mun gwada kanmu. Kodin halattaccen magani ne, kamfanoni masu lasisi ke yin sa, doka ta ce sai da takardar likita. Kowa ya ga abin da ya faru a Kano da Jigawa da sauran garuruwanmu, har cikin ɗakunan matan aure, sai da gwamnati ta hana yin maganin tari mai kodin da shigo da shi a Mayu 2018. Binciken 2018 da na ambata ya samu mutum miliyan 2.4 suna shan maganin tari ba don tari ba, miliyan 4.6 kuma suna shan irin su taramol. Taramol da aka amince da shi mai miligiram 50 ne da 100, amma mai 200 da 225 ne ya cika kasuwa. Dokar taba sigari ta 2015 ta hana sayar wa wanda bai kai 18 ba, ta hana sayar da kara ɗaya-ɗaya. Aiki yaro ɗan shekara goma wurin mai tebur ka ga ko za a dawo da shi hannu wofi. Ƙasar da ba ta iya tsare kwalbar maganin tari a kemis ba, da me za ta tsare wiwi? Buɗe kasuwa a wannan hali gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Akwai kuma halin kasuwa ita kanta. Mafi yawan wiwin da ake sayarwa a ko'ina masu sha kullum ne ke saye, ba masu taɓawa jefi-jefi ba. Kamfanin da ya zuba jari ribarsa tana wurin wanda abin ya kama, don haka zai so su yawaita, zai so kaya su ƙara ƙarfi, zai kuma sami kuɗin da zai bi 'yan majalisa kada a matsa masa. Dilan bayan fage mugu ne, amma ba ya iya sa talla a rediyo ko ɗaukar nauyin wasan ƙwallo.

Maganar kuɗin shiga ba zan daɗe a kanta ba. Lesoto ta fara ba da lasisin noman wiwin magani a 2017, kuɗin lasisin ya fi ƙarfin ƙananan manoman da suka daɗe suna noma ta, manyan kamfanoni suka kwashe. Manyan kamfanonin Kanada da dama kuma asara suka yi ta tafkawa. Noman marar bugarwa irin na Ghana batu ne na gona da masana'anta, a bar masanansa su duba, muddin akwai mai iya shiga gona ya auna abin da aka shuka.

Sannan ka tuna wa zai karɓi waɗanda abin zai kayar. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba mu kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa waje suke yi. A Arewa manyan asibitocinmu na ƙwaƙwalwa ƙirge suke: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan asibitocin koyarwa. Sai a Janairu 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin ta 1958. Ko ƙaruwa kaɗan aka samu a masu sha kullum, ba mu da gadon kwantar da su.

Gidan yari kuwa

Duk da haka, kama mai sha a kulle shi bai taɓa warkar da kowa a gabana ba. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarinmu jiran shari'a suke yi. Yaron da aka kama da ƙulli biyu, in gidansu da hali, kafin dare ya dawo gida. In ɗan talaka ne sai ya yi watanni a tsare tare da 'yan fashi, ya fito makaranta ta wuce shi, ba mai ba shi aiki ko mata, ya kuma san dilolin da bai sani ba da. Tsoron kamu yana hana iyaye kawo yara da wuri. Shi ne kuma yake tura su gidajen mari. Ba mu manta da mutum sama da 300 da 'yan sanda suka fitar daga wani gida a Rigasa a Satumba 2019 ba, da yawansu da sarƙa a ƙafa, kuma iyaye ne suka kai wasunsu da hannunsu don ba su ga wata ƙofa ba.

Abin da nake so a yi shi ne a raba mai sha da mai fatauci a cikin doka, a fayyace adadin da in an samu mutum da ƙasa da shi ba za a kai shi kurkuku ba, sai dai a tura shi wurin masu ba da shawara da magani, a sa iyayensa a ciki. Mai gona a daji da mai lodin mota su ci gaba da fuskantar hukunci. Fotugal ta yi haka tun 2001: wanda aka kama da abin da bai wuce na kwana goma ba, kwamiti yake fuskanta, ba alƙali ba. Ghana ma a dokar nan ta 2020 ta mai da hukuncin mai riƙewa don shan kansa tara. Sai dai sharaɗin shi ne a gina wurin da za a tura su kafin a sauya dokar. Jihar Oregon ta Amurka ta cire hukunci bayan ƙuri'ar 2020 alhali wuraren magani ba su wadata ba, a 2024 ta dawo da shi. Mu nan, mafarin shi ne a horar da ma'aikatan asibitocin matakin farko su iya gane matsalar su fara taimako, domin likitocin da ba su kai 300 ba ba za su iya ba.

Ta fuskar addini, fatawa ta malamai ce, ni ɗalibi ne a nan. Abin da na sani shi ne sun haɗu a kan haramcin shan ta, sun saɓa a kan hukuncin. Ibn Taimiyya ya ɗauke ta kamar giya, a yi haddi. Ƙarafi, daga manyan malaman Malikiyya, ya sa ta cikin masu ɓata hankali, hukuncinta ta'aziri, wanda shugaba ke zaɓa gwargwadon maslaha. Ke nan wanda ya ce a kai mai sha asibiti maimakon kurkuku bai halatta haram ba. Ka kuma lura, ko Abuja ta buɗe kasuwa, jihohin da ke bin shari'a ba za su yarda ba, kamar yadda Hisbah ke fasa kwalaben giya a Kano alhali dokar tarayya ba ta hana ta ba. Sai a samu shago a wata jiha, kaya su kwararo wata, 'yan sanda su ci gaba da kama yaranmu, wahalar biyu duka ta haɗu a kanmu.

Game da ɗalibanka, Malam, ka bar su su kawo hujjarsu, ka amsa musu inda suke da gaskiya, sannan ka tambaye su shekarun da Kanada da Jamus suka sa: ba ƙasa ɗaya a cikin waɗanda suka lissafa da ta yarda ɗan ƙasa da 18 ya sha, kuma likitocin can suna gargaɗin a jira har ƙwaƙwalwa ta gama ginuwa. A cikin masu musun nan, mai yiwuwa akwai wanda ba don muhawara yake yi ba. In ka ga yaron da makinsa ya faɗi cikin zango ɗaya, yana barci a aji, ya sauya abokai, ko ya fara zargin ana maganarsa, ka kira shi gefe kai da shi kafin maganar ta kai ofishin shugaban makaranta, domin kora takan yanke igiyar ƙarshe da ke riƙe da shi. In ya kai ga jin muryoyi ko ya daina barci kwana da kwanaki, ka sa iyayensa su kai shi sashen ƙwaƙwalwa na asibitin koyarwa da ke nan kusa da ku a makon, ko da za su haɗa da addu'a, kada a jira a ga ko zai wuce da kansa.